Nazifi da adaftocin da ya jona mini a bango

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni aka ce an tsinci gawar Nazifi a gefen hanyar Shinkafi, babur ɗinsa na kwance kusa da shi, ba a ɗauki komai ba. Har wayarsa tana aljihu.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Nazifi ɗan Zurmi ne, mai gyaran kwamfuta, wanda ya kama shagon da ke jikin gidanmu a nan Kaura bayan sun baro garinsu. Ni direba ne a da. Hatsarin mota ya karya mini ƙugu, na koma kwance a ɗakin can ƙuryar gida, ba fita.

A lokacin ne aka rufe layukan waya a jihar nan. Ba kira, ba intanet. Sai in wuni ina kallon rufi, har Inna, mahaifiyata, ta fara tsoron hankalina zai taɓu.

Wata rana da hantsi Nazifi ya yi sallama ya shigo da wasu fararen abubuwa guda biyu, kowane bai wuce girman sabulu ba. Ya ce adafta ce. Za a jona ɗaya a soket ɗin shago, ɗaya a na ɗakina, saƙo ya riƙa bin wayar wutar da ke cikin bango, tunda wutar sola ɗaya muke sha. Gem ɗin ƙwallo zai yi aiki a babbar kwamfutarsa, hoton ya riƙa zuwa tsohuwar laftof ɗin da ya ajiye mini a gefen katifa.

Na ce, "Ba netwok hwa, Nazifi."

Ya yi dariya. "Lawali, wanga ba ruwanshi da netwok. Bango kawai shika so. Amma kar ka jona shi ga ekstenshin."

Haka muka riƙa buga wasa, shi a shago, ni a kwance. In Inna ta kunna fanka hoton ya ɗan tsaya, sai in ce ai shi ya sa ya ci ni. In na ci shi kuwa sai ya rufe shago ya zagayo, wai ya zo ya ga fuskar mai sa'a. Yakan zo mini da rake.

Matsalar ta fara ne daga 'yar koriyar fitilar da ke ƙiftawa a jikin adaftar. Wani ya gan ta a shago, ya tambaya, Nazifi ya amsa masa da gaskiya cewa tana haɗa shi da wata kwamfutar ne. Kafin mako ya zagayo magana ta karaɗe unguwa: mai gyaran nan yana da netwok alhali kowa ba shi da shi. Da wa yake magana?

Aka fara ce masa infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Kun san me kalmar take nufi a ƙasar nan.

Mai unguwa ya zo da kansa, aka kawo shi har ɗakina, ya ga ƙwallo muke bugawa, ya ce ya gamsu. Amma maganar ba ta mutu ba. Aka buɗe layuka, shekaru suka wuce, duk lokacin da aka kai hari wani ƙauye sai ka ga ana kallon ƙofar shagonsa. Masu kawo gyara suka ja baya. Daga ƙarshe ya kwashe kayansa ya koma Shinkafi wajen surukansa, ya bar mini adaftocin da wata tsohuwar kwamfuta a zaure.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo duba ni. Ya rame. Bai yarda ya zauna ba, ruwan da Inna ta kawo ma a tsaye ya sha. Ya dubi soket ya ce, "Cire su, Lawali. Ka sa Inna ta jefa su masai."

Na ce mi ya faru?

Ya ce, "Maganar ta bi ni can."

Ya shafa kaina kamar yaro, ya fita. Ban sake ganinsa ba.

Ban san wanda ya kashe shi ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Abin da na sani shi ne ɗazu, tun ba a kai shi makwancinsa ba, wasu mutum biyu sun tsaya da babur a ƙofar gidanmu, suka tambayi Inna ko kayan Nazifi na nan har yanzu. Ba ta san fuskarsu ba. Sun ce za su dawo.

Shi ya sa nake rubuta wannan yanzu, kowa ya karanta. Ni ne mutumin da ke ɗaya ƙarshen wayar. Gurgu ne a kan katifa yana buga ƙwallo da abokinsa. Zan maimaita haka a gaban kowa, da kuma gaban Allah.

Ya bar mata da 'ya mace da ba ta fara tafiya ba. Allah Ya jiƙan Nazifi, Ya haskaka kabarinsa, Ya wanke sunansa, Ya tsare iyalinsa da mu da muka rage. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ya sa da gidanmu a ciki.