Na Ɗauka Biki Suke Yi

Ni ɗan unguwar Makera ne, kuma kafin abin da zan ba ku labari ya faru, ba na jin akwai wanda zai ce na taɓa ɗaukar masa ko allura. Mahaifina ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har aka rufe ta, mahaifiyata kuma da ɗinkin hula ta taya shi har na gama jami'a, inda na karanci kimiyyar siyasa. Tun ina yaro ni matsoraci ne. Ko biro na ara na manta ban mayar ba, sai hankalina ya ƙi kwanciya. Na faɗi haka ne don matasa irina su san cewa ba masu taurin kai kaɗai ke ƙarewa a gidan yari ba.

Bayan bautar ƙasa na daɗe ina yawo da takardu. Na ɗan koyar a wata makarantar kuɗi a unguwar Nasarawa, albashin bai kai ya kawo ba. Daga nan wani maƙwabcinmu ya haɗa ni da ɗan majalisarmu, wanda kowa ke kira Onarabul. Ba zan ambaci sunansa ba, don shari'arsa tana kotu har yanzu, ni kuma ba alƙali ba ne.

Ranar da na fara aiki, babban hadiminsa, wani mai suna Danladi, ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Farfesa, ka iya ritaya?" Na ce masa ai yau na fara, ina ni ina ritaya. Ofishin duka ya kwashe da dariya. Daga baya ya bayyana mini cewa in majalisa ta ba ɗan majalisa kuɗin wani aiki, dole ya kawo shaidar ya yi aikin, to wannan suke kira ritaya. Aka ba ni ɓangaren ganawa da jama'a. Ƙa'ida ita ce duk lokacin da majalisa ta tafi hutu, ɗan majalisa ya koma mazaɓarsa ya zauna da waɗanda suka zaɓe shi, ya ji kukansu, ya kai gaba. Ana ba shi kuɗin rumfa da kujeru da lasifika da ruwan sha. Shaidar kuwa rahoto ne da hotuna. A jami'a na karanta cewa a kan wannan zaman wakilci ya ginu, kuma na yarda da abin da na karanta, ko aƙalla ina jin na yarda.

Taron farko na gaske ne, sai dai ruwan sama ya hana mutane zuwa. Danladi ya nuna mini yadda zan tsaya daga gefe in ɗauki hoton ta yadda kujerun da ba kowa ba za su fito ba. Ya ce hoto ba ya ƙarya, amma inda ka juya shi nan yake kallo. Na gaya wa kaina cewa ai an yi taron, kuma an yi ɗin.

Na biyu ba a yi ba. Onarabul ya yi tafiya, lokacin ritaya ya matso, sai ga direbansa yana suna a Nasarawa. Muka rataya ƙyalle mai hoton Onarabul a jikin rumfar, na ɗauki hotuna, muka sauke. Da ya dawo na samu zuciya na ce masa abin ya ɗan dame ni. Ya tambaye ni, shin waɗanda suka zo sunan ba 'yan mazaɓarsa ba ne? Na ce su ne. Ya ce to ina matsalar? Na koma na zauna na rubuta rahoto, na sa wa mutanen da suka zo cin tuwon suna maganganun da ba su yi ba. Na rubuta cewa sun gode.

Daga nan abin ya zama sana'a. Ɗaurin aure, saukar karatu, taron 'yan adashe, duk inda na ga rumfa da kujerun roba sai in tsaya. Har na daina ɗaukar ƙyallen, da kwamfuta nake liƙa shi. Ana ba ni kasona, na sayi babur, na sake wa gidanmu kwanon rufi. Mahaifina ya taɓa tambayata, wai a wurin aikin nan namu me muke ƙerawa. Na ce rahoto. 

Wani abin da nake jin kunyarsa shi ne na kafa wa kaina dokoki. Ba na taɓa masallaci, ba na taɓa coci, ba na taɓa makoki. Da waɗannan dokokin nake lallashin kaina cewa ni mutumin kirki ne da ya faɗa cikin ɓarayi. Duk da haka ban taɓa samun natsuwa ba. Waya in ta yi ƙara sai gabana ya faɗi.

A wani gefe na unguwar Trikania, cikin mazaɓarmu, akwai rafin da ke cika da damina, mutane suna tsallakawa a kan katako. Sun sha turo dattawa ofishinmu neman gada, Danladi yana ce musu Onarabul na cikin zama. Sai wani kwamitin majalisa ya ce zai duba ko za a sa gadar a kasafi, amma yana son rahoton abin da mutanen wurin suka ce da bakinsu. Onarabul kuwa ya fi son a kai kuɗin wajen rabon kekunan ɗinki. Dalilinsa ina da zato a kai, amma zato ne, ba zan rantse ba. Ya ce in je in kawo rahoto.

Na je wata Asabar da hantsi. Tun daga bakin titi na jiyo kiɗa. Na tarar da rumfuna, mata sun yi anko, suna buga tulu suna waƙa suna rangaji. A wurinmu makoki tabarma ce da shiru da addu'a. Tsakanin gidanmu da unguwar nan ba nisa, amma na girma ban taɓa shiga taron Kirista ba, ban san matan zumunta na coci suna raka mamaci da waƙa ba. Na ɗauka biki suke yi. Na tsaya a kan babur, ko kashe shi ban yi ba, na ɗauki hotuna na juya. A rahoton na rubuta cewa matan unguwa sun fito da rawa suna godiya, sun ce katakon ya wadatar a yanzu, sun fi buƙatar kekunan ɗinki. Kwamiti ya yi watsi da maganar gadar.

Makokin wata budurwa ne mai suna Rifkatu, wadda ruwa ya janye daga kan katakon nan tana dawowa daga aiki. Matar da ke tsakiyar hoton, baki buɗe, wadda na rubuta cewa tana guɗa, mahaifiyarta ce, Mama Laraba.

Ban san haka ba sai da 'yan jarida suka fara tono yadda 'yan majalisa ke kashe kuɗin alawus. Ba namu kaɗai aka tona ba, amma hotonmu ne ya fi yawo a wayoyi, don 'yan Trikania sun gane kansu. Gidajen rediyo suka ɗauka. Na ji Onarabul da kunnena yana cewa ya girgiza, hadiminsa ya ci amanarsa. Na kira shi na ce, "Ranka ya daɗe, ai kai ka ce in je."

Ya ce, "Na ce ka je ka gana da su. Na ce ka je makoki?"

A zahiri bai ce ba. Danladi ya ɓace, sa hannun da ke kan rahotannin kuwa nawa ne. Aka kama ni. A kotu lauyana ya so in musa, na ce ba zan iya ba.

A gidan yari Onarabul suke kirana don tsokana. Wani da aka ɗaure kan satar awaki ya taɓa tambayata ni me na sata. Na fara yi masa bayanin ritaya, ya katse ni ya ce shi dai ya san akuya yana iya nuna ta. Tambayar ta daɗe tana cina. Kuɗi aka rubuta a takardar tuhuma, amma ina ganin bakin mutane na sata. Hanya ɗaya suke da ita ta yin magana da gwamnati, na tare ta na yi magana a madadinsu.

Da na fito na yi ta kai gwauro da mari a raina kafin na iya zuwa wurin Mama Laraba. Sau da dama na kai bakin layinsu na juya. Ranar da na ƙarasa, na same ta tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko ni wane ne. Ta ci gaba da juya ƙosanta har sai da ta kwashe. Sannan ta ce, "Ɗana, waƙar da muke yi ranar, da Hausa muke yin ta. Da ka kashe babur ɗinka ka saurara, da ka ji."

Ta ce ta yafe tuntuni, don ita ma tana neman yafiya wurin Allah. Amma ta gaya mini abin da ban sani ba. An zaɓi sabon ɗan majalisa, ya kira taro na gaske a kan gadar, babu wanda ya je. Ya sake sa rana. Ta ce ni na kori mutanen, ni zan dawo da su.

Na bi gida-gida. Wani tela ya ce in ɗauke shi hoto daga nan kan kekensa in rubuta ya gode, in huta ya huta. Wata mata ta tambaye ni makokin wa aka samu kuma. Wani matashi, mai digiri kamar ni, ya nuna mini katin zaɓensa ya ce banki kawai yake kai shi yanzu a matsayin katin shaida. Ban yi musu da kowa ba. Na dai ce musu wannan karon na gaske ne, ko da yake ni kaina ban tabbata ba, kuma na san ni ne mutum na ƙarshe da ya dace ya faɗi haka.

Ranar taron yawancin kujerun ba kowa. Tsofaffi ne suka zo, da matan zumunta da Mama Laraba ta jawo. Ta miƙe ta ba da labarin 'yarta daga farko har ƙarshe, ɗan majalisar yana rubutu. Na lura yana yawan ɗaga kai yana kallon kujerun. A ƙarshe ya ce zai kai maganar, sai dai a majalisa inda aka fi taruwa nan kasafi ke karkata. Ban san ko zai cika ba. Katakon yana nan, damina kuma ta kusa, duk hadarin da ya haɗu sai in kasa zama wuri ɗaya.

Ƙannena, musamman ku da kuka gama karatu kuke jiran wani babba ya ɗauke ku, ba zan ce kada ku yi aiki da 'yan siyasa ba, wataƙila akwai na kirki a cikinsu. Amma kada ka sa hannu a kan taron da ba a yi ba, ko da na farko ne, ko da an ce kowa na yi. Kada ka yarda da 'yan dokokin da za ka kafa wa kanka don ka ji daɗin laifi, ni nawa ba su tsare ni ba. Na tuba, ina roƙon Allah Ya karɓa, amma tubana bai gina gada ba. In an tura ka wurin mutane, ka kashe babur ka sauka, ka ji abin da suke faɗa kafin ka rubuta komai da sunansu.