Ledar da Ke Bakin Tanki

Mai Tsohuwa ake ce masa a tasha, saboda motar da ya gada wurin mahaifinsa. Da ita ya yi aure, da ita ya ciyar da iyali, kuma bai taɓa kai ta wurin makanike ba. Da kunne yake gane ciwonta.

Ranar da asma ta shaƙe matarsa, ranar motar ta yi masa tutsu. Ya ɗauki matar ya nufi asibiti. In motar tana tsaye lafiya lau, amma da ya taka totur sai ta riƙa tari tana fizga, har injin ya mutu a hawan da ke kafin asibiti. Ya goge fulogi, ya hura kafireta da baki har fetur ya ƙona masa leɓe. A banza. Daga kujerar baya yana jin numfashin matar yana fita kamar usur.

"Ki rufa min asiri," ya ce wa motar. "Yau kaɗai."

"Malam," in ji matar da ƙyar, "murfin tanki ya faɗi jiya. Na ɗaure wurin da leda, kar ruwan sama ya shiga."

Ya zagaya da gudu. Ta tamke ledar da roba yadda take rufe kwalbar man girki. Iska ba ta shiga tanki, ta ina mai zai sauka? Ya fizge ledar, tankin ya ja iska, fuuu.

"Kin iya ɗauri, Maman yara," ya ce, idonsa cike da ƙwalla. Ya tayar da motar, ta haura hawan, shi kuwa kunnensa na kujerar baya.