Tagar da Ummuhani ta rufe daga baya

Ummuhani 'yar Sanda manomi ce, daga Gangara. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yansa ta wuce lakol, wato makarantar ƙauye, ta je Maraɗi ta koyi aikin na'ura mai ƙwaƙwalwa. Da ta dawo, wata ƙungiyar manoma a Agiye ta ɗauke ta. Shekara uku tana bin gonaki bisa babur, tana rubuta sunan mai gona, iyakarsa, da yawan gawo da kalgon da ya raya a ciki. In ta koma buro, wato ofishinsu, sai ta zuba komai cikin na'ura ɗaya tilo da suke da ita.

Ba ta aiki da linzamin na'ura kamar sauran ma'aikatan. Baƙar taga take buɗewa, wadda ake rubuta wa na'ura umarni kai tsaye, wani sa'in biyu ko uku a jere. Na'urar tana ajiye duk umarnin da aka ba ta a wani fayil da ake ce wa tarihi. Abin da Ummuhani ba ta sani ba shi ne, kowace taga riƙe nata tarihin take yi sai an rufe ta, kuma yadda aka saita na'urar, wadda aka rufe ƙarshe ita ke danne abin da sauran suka rubuta.

Wata Laraba ta tashi sallar azahar ta bar tagarta a buɗe. Usmanu, abokin aikinta, ɗan ƙanwar shugaban ƙungiyar, ya zauna kujerarta don neman wurin zuba hotunan taro a na'urar. Ya buɗe tasa tagar, ya share abin da ya ɗauka tarkace ne, har da na faifan ajiya da ke maƙale, ya rufe ya fita. Da la'asar Ummuhani ta rufe tata ta tafi gida.

Washegari babu gona ko ɗaya a na'urar.

Shugaban, wanda ake ce wa Mushe Buba irin kiran faransanci, ya kira wani ƙwararre daga Maraɗi. Mutumin ya buɗe tarihi, bai ga komai ba sai umarnin Ummuhani, a ciki har da na share wasu tsofaffin fayiloli da ta yi da hantsi.

"Ranka ya daɗe, wannan ba shi ne ba," in ji ta. "Da na dawo daga salla na iske kujerata a juye. A tambayi Usmanu."

Usmanu ya ce shi leƙawa kawai ya yi.

"Madam," in ji Mushe Buba, "na'ura ba ta ƙarya. Ina sunanshi a nan?"

Ƙwararren yana kallon agogo, motar komawa yake tunani. Ranar aka karɓe mabuɗin buro daga hannunta.

Sai bayan wata biyu, tana zaune a zauren babanta da tsohuwar na'urar da ta ara, ta gano yadda abin ya faru. Ta buɗe taga biyu, ta yi rubutu a ɗaya ta rufe, ta rufe ɗayar, ta duba: na farkon ya ɓace. Maganin layi biyu ne. Ɗaya, histappend, yana sa kowace taga ta ƙara nata a ƙasa maimakon ta danne. Ɗayan yana sa a ajiye kowane umarni nan take. Ta zauna tana kallon layukan har allon ya mutu da kansa.

Ta hau mota zuwa Agiye don ta nuna musu. Mai gadi ya ce shugaba yana taro. Ta rubuta bayanin a takarda ta bari. Usmanu, wanda yanzu ke kan kujerarta, ya sa layukan a na'urar buro, aka yaba masa a taron shekara.

Da damina ta faɗi, maƙwabcin Sanda ya shigo masa gona da kunya huɗu. Aka je neman iyakar da aka rubuta, babu. A gaban mai gari wani ya ce wa Sanda, "Ai ɗiyarka ta goge." Sanda ya tashi ya fita. Da ya dawo gida ya jingine hauyarsa, ya ce, "Ummuhani, kawo mini ruwa."

Yanzu tana da rumfar buga takardu kusa da tashar Gazawa. Tana buga wa mutane takardar neman aiki, tana gyara musu faransanci. In manomin da ta taɓa auna gonarsa ya shigo, gaisuwa a tsaye suke yi, ya karɓi takardarsa ya fita.