Ƙwayoyin da Goggo Tafasa Ta Dafa

A asibitin haƙorin da ke saman shagon gyaran waya, kowa Goggo Tafasa yake ce mata. Ita ke wanke ƙarafunan likita ta zuba a tukunyar tururi, sannan ta tsaya gefen kujera riƙe da bututun zuƙe yawu, da ɗaya hannun tana lallashin yaran da ke kuka. A gida ma ba ta canja zani. Makulli in ya faɗi ƙasa sai ya sha ruwan zafi. Tun tana budurwa aikinta ke nan, kashe ƙwayoyin cuta.

Kunne ne ya fara yi mata ciwo, aka rubuta mata magani mai ƙarfi. Kunne ya warke, ciki ya ɗauka. Kafin azahar ya kumbura tim, ya yi ta ƙugi a ɗakin da ba a jin komai sai fanka. Rannan wani tsoho da ake wa cikon haƙori ya zare ido.

"Likita, injin nan naki lafiya kuwa?"

Da ya fita, likita ta ce, "Goggo, kullum sai ki fice ki bar ni da bututu a hannu. In abin bai lafa ba, ki koma ɗakin wankin ƙarafuna, in samo wata ta tsaya nan."

Ɗakin wanki ba taga, ba yara, ba hira. Goggo ta zarce kemis.

Mai kemis ya miƙo mata kwalba. "Ƙwayoyi ne masu rai, miliyoyi a kowane kafso. Ki sa a firji."

"Masu me?"

"Masu rai. Na kirki ne. Wancan maganin ya share na banza, ya haɗa da na kirkin da ke cikinki."

"Ɗan nan, wa ya tantance su? Kaki suke sawa? Ni da ake biya in kashe su, ni zan ba su firji?"

"Ki dai gwada. Wasu yana yi musu, wasu ba ya yi."

Ta karɓa, amma zuciyarta ba ta karɓa ba. Kullum da safe sai ta ɓare kafso a ruwan da ke tafasa, ta jira ya huce, ta shanye. Ciki bai ko gezau ba. Autarta ce ta kama ta a kicin.

"Umma, me kike dafawa?"

"Magani."

"Kai, Umma! Ai kin kashe su!"

"To da ransu zan haɗiye? In suka hayayyafa fa?"

"Ai abin da ake so ke nan."

"Wa ke so?"

Da ƙyar ta runtse ido ta haɗiyi ɗaya da ruwan sanyi. Kwana biyu abin ma sai ya ƙaru. Ta koma kemis tana haki. "Baƙin naka sun kama faɗa da 'yan gida!" Mai kemis ya ce hakan yakan faru da fari, in ya ƙi lafawa ta je a duba ta. Ita kuma auta ta ɓoye lemon kwalba da cingam ɗin da Goggo ba ta rabuwa da su.

Sannu a hankali ƙugin ya ragu. Wata safiya aka cire wa yaro haƙori, Goggo ba ta motsa daga gefen kujera ba.

"Yau shiru, Goggo," in ji likita. "Zancen ɗakin wanki ya wuce."

Mai kemis ya ce kafso ne. Auta ta ce lemon da aka daina ne. Likita ta ce ƙila lokaci ne kawai. Goggo ta ce duk ta ji, ba ta dai gane ba.

Da yamma ta jera ƙarafuna a tukunyar tururi, ta kai yatsa kan makunni, sai ta tsaya.

"Likita, waɗannan da nake kashewa tun ina budurwa, babu na kirki a cikinsu?"

"Kunna, Goggo."

Ta kunna, ɗaya hannun dafe da cikinta.