Eriyar da Ba Ta Wuce Kan Soro Ba

Alhamis: fita daga Ikara

Ƙarfe shida saura kwata na asuba na bar gida, ko koko ban sha ba. Jakar rediyona na rataye a kafaɗa, ƙaramin batir da ƙullin waya na cikin buhu. Uwargida ta biyo ni har zaure tana cewa, "Malam, da shekarunka sittin da bakwai, a kan waya za ka bi titi?" Na ce mata ko a kan zaren ɗinki ne sai na je.

Ga abin da ya fitar da ni. Ina da rediyon oba-oba da lasisinsa, kuma ina da amini guda, Yakubu, wanda muka koyar tare a makarantar koyon sana'a. Da ya yi ritaya ya koma ƙauyensu a cikin duwatsun bayan Kaltungo, wajen kilomita ɗari huɗu daga nan, inda wayar hannu ba ta da sabis. Kowace Asabar da ƙarfe biyar na yamma muke haɗuwa ta rediyo a kan zangon mita arba'in. Shekara uku da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke masa harshe da hannun dama. Da hagu ya koyi bugun tangaraho, gajeren ƙara da dogon ƙara, harafi bayan harafi. Wannan bugun shi kaɗai ne bakin da ya rage masa.

Eriyata a da tana kan dogon ƙarfe mai tsawon mita goma sha biyar a tsakar gida. Kun san yadda muke yi: kafin namiji ya hau bisa sai ya aika gidajen maƙwabta a ce mata su shiga ɗaki. Shekara da shekaru ban taɓa karya wannan ba. Sai wata Asabar iskar ruwan farko ta tsinke min waya, saura rabin awa ƙarfe biyar ta yi, na kama ƙarfen na hau ba tare da na aika ba. Ihun da ya tashi daga gidan maƙwabcina Alhaji Tanimu har yau yana kunnena. Mai unguwa ya yanke hukunci: a sauke ƙarfe, kuma kada wani abu nawa ya sake wuce kan soro, wato mita huɗu.

Na yi laifi, ban musa ba, na kuma ba da haƙuri. Abin da ya ƙona min rai shi ne masu cewa a majalisa, "To, oba-obar Malam ta mutu." Wa ya kashe ta? Na gwada ɗan guntun ƙarfe a tsaye, ban ji komai ba sai shuuu. Asabar shida ke nan ban ji Yakubu ba. Ina da lambar 'yarsa da ke shiga gari ranar kasuwa, amma ban kira ba. Na ce ba zan aika wa aminina saƙon cewa an sauke ni kamar ɓarawon mangwaro ba, sai dai ya ji ni da kansa.

A tasha na sami ƙaramar motar haya, huɗu a baya, biyu a gaba. Direba ya ɗaga buhuna ya ce, "Baba, dutse ka ɗauko?" Na ce, "Wuta ce, ɗana, ka aje ta a hankali." Muka tashi ƙarfe shida da rabi.

Wajen rabin hanya muka tarar da shinge. Wani jami'in tsaro ya zuge jakata, ya ga rediyo da abin magana, fuskarsa ta canza.

"Baba, mene ne wannan?"

"Oba-oba ce."

Wata mai goyo a cikin motar har ta daina jijjiga ɗanta. A wannan zamani kowa ya san su wa ake zargi da yawo da irin wannan a daji. Na zaro lasisina na miƙa masa. Ya karanta, ya juya bayansa, ya sake karantawa.

"Da wa kake magana da ita?"

"Da wani tsoho da ba ya iya magana."

Ya dube ni, dariya ta ƙwace masa, ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Da muka wuce, wani fasinja ya ce, "Haba Malam, da ka ce rediyon jin labarai ne ai da ba a tsayar da mu ba." Na ce masa ban saci abina ba, ba zan sa masa wani suna ba.

Makarfi

Mun shiga Makarfi ƙarfe takwas da minti goma, manyan motoci na ta lodin rake a bakin hanya. Na sha shayi da burodi a tsaye, na nufi shagon Ado mai gyaran rediyo, tsohon ɗalibina. Ya durƙusa har ƙasa, muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da gajiya, na tambayi mahaifiyarsa. Sannan na zayyana masa komai.

Ado akwai hannu, amma akwai son burgewa. Ya share tebur ya fara zane. Shawararsa ta farko ita ce ƙarfe a tsaye mita huɗu, a naɗa masa waya a gindi don a cike tsawon da ya rasa, sannan a binne wayoyi goma sha shida a ƙasa su bazu ko'ina. Na ce, "Ado, a tsakar gidan da ake daka, awaki na tono, zan binne waya goma sha shida? Kuma irin wannan eriya nesa take jifa, ta tsallake na kusa. Ni ba Bature nake nema ba, Yakubu nake nema. Ga ta da kwasar hayaniyar kowane janareta na unguwa."

Bai karaya ba. Ya ce to a lanƙwasa bututun tagulla a yi zobe, faɗinsa bai wuce mita ɗaya da rabi ba, ko a ɗaki sai ya zauna. Wannan ta ɗan ja hankalina, har muka shiga kasuwa neman bututu. Amma na san irin wutar da ke taruwa a bakin zoben nan in ana aikawa, ni kuma gidana ba ya rabo da jikoki masu taɓe-taɓe. Ga shi abin daidaita shi sai an yi odarsa daga Legas, a jira mako uku. Ba ni da mako uku.

Bayan la'asar Ado ya sosa ƙeya ya ce, "Malam, kada ka ji haushi. Littafin da ka koya mana da shi ya ce eriyar wannan zango sai ta yi sama sosai. Tunda an hana ka sama, me zai hana ka sayar min da rediyon, ka huta?"

Na ce, "Ado, da ba ɗalibina ba ne kai, da na ce ka yi wauta. Da yake ɗalibina ne, ni na yi wautar da na koya maka."

Haushin da na ji kuwa ya fi na mai unguwa, don gaskiya ya faɗa, haka littafin ya ce, kuma haka na yi shekara talatin ina faɗa a gaban allo. Na kwana a ɗakin baƙinsa. Matarsa ta yi tuwon masara miyar kuɓewa, aka haɗa ni da guzurin mazarƙwaila. Kafin mu rabu ya ce akwai wani tsohon soja a Kudan, Sajan Garba, da ya yi aikin sadarwa, ko zan gwada shi.

Juma'a: Kudan

Ƙarfe bakwai na hau acaɓa, buhu a tsakanina da mai mashin. Yaron gudu yake kamar an biyo shi. Na daki kafaɗarsa na ce, "Kai, Kudan na ce maka, ba lahira ba." Tafiyar ta ɗauke mu minti hamsin, rabinta a tsakanin gonakin rake da dankali.

Na sami Sajan Garba a gonarsa ta inabi a hanyar Hunkuyi, ɗan gajeren tsoho mai kunne ɗaya da rabi. Ya shimfiɗa min buhu a inuwa, ya kawo fura, ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Sannan ya tambaya, "Kilomita nawa ne tsakaninku?"

"Wajen ɗari huɗu."

"Kuma akwai duwatsu?"

"Shi a cikinsu ma yake."

Ya yi dariya har da tari. "Malam, kai da dogon ƙarfenka ai wahalar banza ka sha. Mu da muke daji wa ya ba mu ƙarfe? In ka ɗaga abu sama ma ai ka nuna wa maƙiyi inda kake. Waya muke shimfiɗawa a kwance, tsayin da mutum zai miƙa sanda ya taɓa, kuma mu yi magana da hedikwata a bayan duwatsu."

Na ce littafi bai ce haka ba. Ya ce littafin na masu neman ƙetaren teku ne. Ya ɗauki tiyon ban-ruwa ya ɗaga bakinsa tsaye, ruwan ya tashi ya dawo ya jiƙa mu duka. "Ka gani? Wayar da ke kusa da ƙasa sama take jefa magana, ta bugi can bisa ta zubo a kewaye. Dutse ba ya tare abin da ya zo daga sama."

Ni da na koyar da lantarki, tsohon soja ya jiƙa ni da tiyo yana ba ni darasi. Na ce ban yarda ba sai na ji da kunnena. Ya ce dama bai ce in yarda ba.

Muka je masallacin Juma'a muka dawo, muka ci dambu. Bayan la'asar muka auna waya mita ashirin, muka raba ta biyu, muka ɗaure a kan gora uku a gefen gonar, nesa da wayoyin da inabi ke bi. Na haɗa batir, na yi kira sau huɗu. A na biyar wani mutum daga wajen Abuja ya amsa, muryarsa tar kamar yana bayan bukka. Ya tambayi tsawon ƙarfena. Na ce mita uku da rabi. Ya ce in maimaita. Na maimaita masa da ƙarfi, har Sajan ya ce in rage murya kada tsuntsaye su gudu da inabinsa.

Na ce wa Sajan tsakar gidana mita goma sha huɗu ce kacal. Ya ce tsakiyar wayar ce ke aiki, in miƙe ta, bakin biyu kuma in lanƙwasa su su bi katanga. A zaurensa na kwana, sauro suka yi bikinsu a kaina.

Asabar: komawa Ikara

Na bar Kudan ƙarfe shida da kwata, acaɓa zuwa Makarfi, mota zuwa Ikara. Taya ta yi faci a hanya muka yi asarar awa guda. Na sauka ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, na biya kasuwa na sayi gora uku, na ɗauko su a kafaɗa ta gaban majalisa da gangan. Wani ya ce, "Malam, rumfa za a yi?" Na ce, "Ku dai ku zauna."

A ƙasa na ɗaure wayar a kan gorar, sannan na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ƙafata ba ta bar ƙasa ba ko sau ɗaya. Saura guda ban ɗaga ba Alhaji Tanimu ya yi sallama, wai ya ji ana buge-buge. Na sa aka yi masa iso har tsakar gida, na miƙa masa tef na ce, "Alhaji, bisimilla, auna." Ya ce haba Malam, ai ba sai an kai ga haka ba. Na ce sai an kai. Ya auna gorar da ta rage a ƙasa, mita uku da rabi, ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya fita.

Ƙarfe biyar daidai na zauna na fara buga kiran Yakubu. Shiru. Na sake. Shiru. Biyar da minti biyar, biyar da minti goma. Duk taurin kan da na yi yawo da shi kwana uku ya zube, tsoro ya kama ni, don sai a lokacin na tuna cewa mai irin ciwonsa Asabar shida ba ƙaramin lokaci ba ne.

Biyar da minti goma sha biyu na ji shi. Ko cikin mutum dubu na san hannun nan, yana ɗingishi, yana tsayawa a tsakiyar harafi ya huta. Na ɗauki fensir ina rubutawa. Ya ɗauke shi kusan minti biyu kafin ya gama:

NA DAUKA KA RIGA NI.

Ashe duk Asabar ɗin nan shida yana sa a zaunar da shi a gaban rediyo, yana kira, ba amsa, har ya yanke cewa na mutu ba a gaya masa ba. Ni kuma ina nan da lambar 'yarsa a aljihu ina kare girmana. Na yi gardama da direba, da fasinja, da Ado, da Sajan, da maƙwabci, amma da Yakubu ban yi gardama ba. Hawaye suka zubo min. Na buga masa: INA NAN. LAIFINA NE.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Ado da matarsa, na gode wa Sajan Garba da tiyonsa. Yakubu kuwa bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Hannunsa ya gaji, kalma ɗaya ya iya ƙarawa kafin ya kashe rediyo: ASABAR.