Abin da Baƙar Tama Ta Tono

Mijina maƙeri ne, daga cikin masu narka tama, wato dutsen da ake fitar da ƙarfe daga cikinsa. A ƙauyenmu na arewa da Kornaka, tun Nasara ba su shigo ƙasar ba, duk hauyar da ta taɓa gona daga murhunsu ta fito. Tamarmu ja ce kamar tsatsa, a gefen fako ake haƙo ta. Ba ta da kyan gani, amma ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Wata shekara wani Buzu, abokin cinikin surukina, ya sauke mana wani dutse baƙi wuluk mai ƙyalli. Ya ce daga can cikin duwatsun Abzin ya kwaso shi, inda ko akuya ba ta hawa. Nauyi kuwa, ɗan dunƙule ɗaya sai ya rinjayi hannu. Surukina, wanda shi ne babban maƙeranmu, ya jinjina shi ya ce wannan ƙarfe ne zalla. Nan da nan maza suka ruɗe, aka yi watsi da jar tama.

Maƙera suna da doka. Daga ranar da aka fara ginin dogon murhun laka a bayan gari har ranar da za a fasa shi, namiji ba ya kusantar mace. Mu mata sai dai mu ajiye musu tuwo a gindin wani gawo mu juyo. In ƙarfe ya ƙi fita, to wani ne ya karya dokar, babu wata magana.

Ranar fasa murhu da hantsi muna tsaye a gindin gawon nan, mun shirya guɗa. Aka fasa gindin murhu, aka jawo abin da ke ciki. Maimakon curin ƙarfe sai ga wani baƙin abu mai danƙo kamar ƙanzon tuwo. Da ya huce aka ɗora masa masaba, wato gudumar ƙira, sai ya tarwatse. Gawayin kiryar da aka sha rani ana tarawa ya tafi a banza, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, ga manoma suna jiran hauya.

Surukina ya sa aka kawo uwar maƙera, wato ƙarfen da ake dukan ƙira a kansa, ya jera mazan, kowa ya dafa ta ya rantse. Da aka zo kan mijina sai ya tsaya, hannunsa a baya.

"Baba," in ji shi, "ni na ɓata aikin ga. Na kusanci mace."

Duk matan da ke wurin suka juyo suka zuba mini ido, don ni kaɗai ce matarsa. Ni kuwa na san ba ni ba ce. Wallahi tun da aka kwaɓa lakar murhun nan mutumin nan bai taka ɗakina ba.

Uwar mijina ta riƙe baki. "Ke ɗiyar ga, mi kika yi muna? Haƙurin 'yan kwanaki ya gagare ki, za ki kashe gari da yunwa?"

Na so in musanta. Ƙauyen ɗan mitsitsi ne, kowa dangin kowa. In na ce ba ni ba ce, sai a shiga neman matar, kuma matar wani ce ko ɗiyar wani, a gari mai cike da wuƙaƙe. 'Ya'yana kuma su tashi da wannan sunan. Na haɗiye, ko da yake ni ba mai haɗiye magana ba ce. A rijiya mata suka riƙa janye gugarsu daga tawa, a bakin turmi kuma aka sa ni cikin waƙar daka. Kowace ta yi mini habaici sai in dubi fuskarta in ce a raina, ko ke ce?

Aka kori mijina daga wurin aikin, aka yanka rago, aka sake hura wuta da baƙin dutsen. Abin da ya fito na farko shi ya sake fitowa, alhali kowa ya rantse tsaf. Da ɗan gawayin da ya rage surukina ya koma ga jar tama, sai ga ƙarfe. Ya tara mutane ya ce laifin dutsen ne, nauyi da ƙyalli kawai gare shi, baƙin abin da ke cikinsa ba ya sakin ƙarfe. Gari ya ɗauki dariya. Uwar mijina ta aiko mini da fura, wai ashe ban kashe su ba.

Ban sha ba. Na tafi maƙera da rana tsaka, na tarar da mijina shi kaɗai yana daidaita bakin hauya. Na tsaya a kansa har ya ajiye masaba.

"Maigida, na ɗauki kayan da ba nawa ba, ban kai ka ƙara wurin kowa ba. Yanzu mi za ka ce mini?"

Na zaci zai faɗi sunanta, ko ya roƙi gafara, ko ya yi mini ƙarya ma. Sai ya girgiza kai cikin takaici.

"Da na san dutsen ne," in ji shi, "da ban hwaɗi ba."