Dutsen da Na Yi Shekara Sittin Ina Zagi

Ni ban yi boko ba, allon ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Jikata ce ke riƙe da biro, ni ke riƙe da magana, na kuma gaya mata in ta sauya mini kalma ɗaya Allah na ganinta. Da tatsuniya ce da na ce ku matso kusa. Wannan kuwa a kaina ta faru, don haka kowa ya zauna inda yake ya saurara.

Ƙauyenmu yana gefen Makoda, inda gona ke manne da gona, in ka yi tuntuɓe a kunyarka sai ka faɗa a ta maƙwabcinka. A nan aka haife ni, a nan aka aurar da ni, gida huɗu tsakani. Wa ɗaya Allah ya ba ni, uwa ɗaya uba ɗaya, saurayi cikakke, har an sa masa rana. Ni kuwa lokacin ban wuce shekara goma ba, aikina kai fura gona.

Ran nan ana maimai, gero ya kai gwiwa. Da azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Ina tafe da ƙwarya a ka, na hango yayana ya yar da fartanya ya nufi gindin ɗorawar da ke tsakiyar gonarmu, yana ɗaga mini hannu wai in yi sauri. Sai haske. Ƙarar ma ban ji ta ba. Da na dawo hayyacina ina kwance cikin kunya, fura ta wanke mini jiki, ɗorawa ta tsage biyu tana hayaƙi, shi kuma yana kwance a gindinta, hularsa can gefe guda kamar ya ajiye ta zai yi alwala.

A wurinmu kowa ya san aradu gatari take jefowa, gatarin dutse, ya kashe abin da ya kashe ya nutse cikin ƙasa. Da aka yi sadakar bakwai, babana ya ɗauki madarar shanu ya kwarara a gindin ɗorawar, kamar yadda manya suka ce a yi, sa'annan ya kama tono. Bai kai zurfin gwiwa ba fartanya ta ce ƙwal. Ga shi nan: baƙin dutse, tsawonsa kamar tafin hannu, baki ɗaya faffaɗa mai kaifi, ɗayan siriri. Ina tsaye na ga babana, mutumin da bai yi kuka a makabarta ba, ya durƙusa yana kuka.

Bai taɓa shi da hannu ba. Da bakin fartanya ya mirgina shi kan tsumman saƙi, ya naɗe, ya ɗaure da igiyar rama. Dokoki biyu ya kafa mana. Ta farko, ba a taɓa shi da hannu tsirara, wanda ya taɓa ya kira aradu kansa. Ta biyu, a ƙasan rumbu zai zauna, don aradu ba ta faɗa wa gidan da gatarinta yake, kamar yadda ɓarawo ba ya sata a gidan da ya ba da ajiya.

Da babana ya rasu, ni kaɗai na rage masa, sai ƙunshin ya dawo rumbun gidan mijina. Kowace shekara in rumbu ya yi ƙasa, za a share a barbaɗa toka kafin sabon gero ya shiga, sai in leƙa in ga ƙunshin nan a lungunsa, in ce, “Allah ya isa tsakanina da kai.” Ban taɓa tsallake shekara ba. In tsumman ya ruɓe, da muciya da tsinke nake mirgina shi cikin sabo, ina yi ina tsine masa. Yana tsare mini abinci ina zaginsa. Haka muka zauna da shi sama da shekara sittin.

To, wannan jikar tawa mai biro tana karatu a jami'ar da ke can wajen Rijiyar Zaki, wai harshe take karanta, kamar ba da shi aka haife ta ba. Bana da bazara ta zo da waya tana ɗaukar muryata, wai malamansu na tattara tsofaffin kalmomin noma da na ɗaki kafin mu mutu da su. Na ce ta gode wa Allah, ita ma layin tana kai. Tana tambaya ina faɗa, har muka zo kan abin da ake ajiyewa a rumbu, bakina ya suɓuce na ambaci gatarin aradu. Na ga ta ɗago kai.

Bayan mako biyu sai ga ta a kan babur daga Makoda, ita da wata 'yar siririyar mata mai hijabi da takalmin maza. Ta ce Malama ce a makarantarsu, amma ba ta harshe ba. Aikinta tono tsofaffin duwatsu da ƙasusuwan halittun da suka shuɗe, ta auna, ta faɗi zamaninsu. Na ce to, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Malama ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta sha ruwa, ta tambayi jikoki da ƙafa, sa'annan ta ce, “Inna, alfarma na zo nema. Ina so in ga ajiyar nan taki.”

Na dubi sama. Bazara ce, gajimare ya fara yawo. Na ce, “'Yar nan, ba ki ga gabas ba ne?”

Jikata ta ce, “Haba tsohuwa, gani kawai za ta yi, ba miya za ta yi da shi ba.”

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, ja'irar ta riga ta ɗare rumbu. Ta fito da ƙunshin a kan faifai, bisa dokar da na gaya mata ran nan, ta ajiye a tsakar gida. Ina shirin miƙa wa Malama muciya, sai kawai na ga ta kwance igiya, ta buɗe tsumma, ta sa hannu ta ɗauke shi. Hannu tsirara! Na kwarma salati, na ja mayafi na rufe kaina, na dunƙule ina jiran ƙarar da ban ji ba tun ina yarinya.

Shiru. Sai kaza da ke tono a bayan turmi.

Na leƙo. Malama tana jujjuya shi a rana tana murmushi. Ta ce, “Masha Allah. Wanda ya yi wannan gwani ne.”

Na ce, “Wanda ya yi me?”

“Wanda ya wasa shi, Inna. Mutum ne ya yi shi.”

Ta zauna a tabarma ta yi mini bayani a hankali, kamar mai ba mara lafiya kunu. Wai kafin mutane su san narka tama su yi ƙarfe, da dutse suke sara. Su zaɓi mai tauri, su yi ta goga shi a kan wani dutsen har ya yi baki, su ɗaura a ƙota. Wai irinsa suna nan birjik cikin ƙasa, a nan da wasu ƙasashe masu nisa, kuma kusan ko'ina mutanen wurin cewa suke daga sama ya faɗo, saboda bayan ruwa mai ƙarfi ne ƙasa ke zaizayewa a gan shi. Na tambaye ta shekarunsa. Ta ce ba za ta yanke ba sai an bincika, amma ba lissafin kaka da kakanni ba ne, ya wuce nan nesa.

Raina ya ɓaci. Na ce, “Wato ubana ƙarya ya yi?”

Ta ce, “Subhanallahi, a'a. Ya tona, ya samu, gaskiya ya faɗa. Sai dai dutsen yana kwance a wurin tun ɗorawar ba ta tsiro ba. Da ya matsa gaba ya tona, wataƙila da wani ya samu.”

“To me ya kashe yayana?”

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, “Aradu ce, Inna, da ƙarar kwana. Amma aradu wuta ce, ba ta zuwa da dutse.”

Na ce ban yarda ba. Na ce yaran yanzu in sun sa tabarau sai su ce rana ma fitila ce. Ba ta yi musu da ni ba. Idonta ya kai kan tsohon dutsen niƙana da ke jingine a gindin danga, wanda tun zuwan inji kaji ke shan ruwa a cikinsa. Ta ce, “Inna, shekara nawa kika yi kina niƙa?”

Na ce, “Tun ban iya ɗaura zane ba, har gwiwata ta yi kanta.”

Ta ce, “To ni a takarda na karanta. Ke hannunki ya fi ni sani. Ki taɓa.”

Ta miƙo mini shi. Na mayar da hannuwana baya kamar yarinyar da za a yi wa sakiya. Jikata ta ce, “Taɓa mana, tsohuwa. In ta faɗo ai mu uku za ta kwasa, kin ga kin samu 'yan rakiya.” Na ce uwaki. Amma na dubi hannun Malama, lafiya lau, ko ƙuna babu. Na yi kalmar shahada, don in tafiya ce in tafi da guzuri, na karɓa.

Sanyi gare shi, da nauyi. Na ɗora babban yatsa a gefensa na shafa.

Jama'a, santsi iri biyu ne, duk macen da ta yi niƙa ta sani. Akwai santsin dutsen rafi, wanda ruwa ya lashe ko'ina daidai, ba gaba ba baya. Akwai kuma santsin ɗan dutsen niƙa, wanda hannu ya ci, shi yana da hanya: in ka shafa nan ya tafi sumul, in ka dawo ka ji 'yan siraran layuka duk sun kwanta gefe guda. Wannan na biyun na ji a ƙarƙashin yatsana. Na juya shi, ɗaya gefen ma haka, an kwantar da shi har suka haɗu a baki. Na gangara wajen gindi, inda zai shige ƙota, sai na ji kaushi. An bar wurin ba a gama ba. Wanda ya yi shi ya gaji, ya ce nan ai ba mai gani, kamar yadda nake barin gindin tukunya in bayana ya ƙage.

A nan na zauna daɓas a ƙasa. Ban ga wuta ba, ban ga sama ba. Mutum na gani a durƙushe, yana yayyafa ruwa yana gogawa, yana tashi yana dafa ƙugu. A gonarmu! Gonar da aka ce kakana ne ya fara sare dajinta. Ashe mu ma a kufai muka sauka.

Sai na tuna bakina. Shekara sittin ina ja wa kayan aikin wani bawan Allah Allah ya isa, shi bai san yayana ba, bai san ni ba, itace kawai ya so ya sara. Na kuma dubi rumbu. Ashe duk damunan nan ba abin da ke tsaronsa sai wanda ke tsaron kowa, ni kuwa na jingina zuciyata da tsumma.

Malama ta roƙi in ba ta aro, za su auna, su rubuta inda aka tono shi, su dawo mini da shi. Na ce ta ba ni kwanaki. Kaina ya yarda, cikina ne bai yarda ba. Damina tana bakin ƙofa, ɗan geron da ya rage a rumbun nan shi ne abincin gidan har kaka. In na fitar da dutsen aradu ta faɗo fa, me zan ce wa jikoki? In ce wata mai takalmin maza ce ta ce?

Kwana uku ina jujjuya maganar. Na mayar da shi rumbu, na ciro, na sake mayarwa. Abin da ya raba gardamar shi ne wannan: da, ban sani ba, Allah ba ya kama wanda bai sani ba. Yanzu kuwa yatsana ya gaya mini. In na mayar da shi don ya tsare ni, da idona biyu na dogara da dutse. A rana ta huɗu na samu sabon ƙyalle, na ɗauke shi da hannuna, na ce masa, “Ka yafe ni, kai da wanda ya yi ka.” Na ba jikata. Na ce ta gaya wa Malama sharaɗina ɗaya ne: in za su rubuta, su rubuta cewa bai kashe kowa ba.

Ba a yi kwana goma ba hadarin farko ya taso, da la'asar. Na zauna a bakin ƙofar ɗakina, idona a kan rumbu. Aka yi walƙiya, tsawa ta biyo baya har kwanukan ɗaki suka amsa. Bakina ya buɗe da kansa zai yi abin da ya saba, sai ya rasa wanda zai zaga. Abin da ya fito daga ƙarshe sunan yayana ne, da “Allah ya jiƙanka, ya sa kana hutawa.”

Nan ne abin ya fi girgiza ni, fiye da duk maganar Malama. Na duba baya na ga zagin da na yi wa dutse ya ninka addu'ar da na yi wa ɗan'uwana.

Ruwa ya sauko, ya yi ta zuba har magariba. Rumbu yana tsaye, jinkarsa na ɗiga. Har yau in aka yi tsawa sai na leƙa rumbu, tsufa bai raba ni da wannan ba. Amma bana da aka share rumbu za a zuba sabon gero, na leƙa lungun nan na ga ba komai sai toka, na sauko, na sa aka dama fura ƙwarya guda, irin wadda ban kai wa yayana ba ran nan, aka fitar ƙofar gida sadaka.